Giɓin da Inna Ta Ajiye wa Makka

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Kudan ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta zama mu yi hira ido da ido, in kuwa dariya ta kama ta ina wurin sai ta ja mayafi ta rufe baki. Idan tana da magana da ni, sai ta dubi ƙanwata, autarmu, ta ce, "A gaya wa wancan kaza da kaza," alhali ina zaune a bakin ƙofa ina ji da kunnena. Tun ina yaro abin yake ba ni haushi. Na girma, na yi iyali a Ikara inda nake koyarwa, har yau bai daina ba ni haushi ba, sabawa kawai na yi. Na kawo wannan ne don a gane yadda aka yi uwata ta daɗe ba ta iya tauna abinci, kowa a gidan ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Giɓin gaba kam na san da shi, don ya kusa zama ɗan gida. Inna mace ce mai son rake, kuma a ƙasarmu rake ba abin nema ba ne, mahaifinmu ma yana da ɗan yankinsa a fadama. Ba ta yarda a fere mata da wuƙa, ta ce zaƙin yana bin wuƙar. Wata shekara tana ɓare wata gaɓa mai taurin tsiya, haƙorinta na sama, wanda ke maƙwabtaka da manyan nan biyu na gaba, ya karye. Guntun da ya rage ya yi ta damun ta har aka kai ta Makarfi aka cire shi.

A shekarar nan ce aminiyarta, wadda suka yi 'yanmatanci tare, ta dawo daga aikin Hajji da haƙorin zinari, kuma a daidai wurin da Inna ta rasa nata. Matar nan da can sai ka yi da gaske kafin ka ga murmushinta. Da ta dawo kuwa, ko gaisuwar rashin lafiya ta je sai ta san yadda ta yi leɓenta ya ɗaga. Ta zo duba Inna, ta leƙa bakinta, ta tafa hannu ta ce, "Ke kam Allah ya share miki fili, saura gini!" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, aka watse, kowa ya manta. Inna ba ta manta ba. Ita a wurinta ba wasa aka yi ba, bushara aka yi mata.

Daga ranar nan giɓin ya samu mai shi. Duk wanda ya ce mata ana sa haƙorin roba a asibiti, amsarta guda ce, "Wurin da mai shi, yana tafe." Mahaifinmu ya rasu bai samu zuwa Makka ba, bai kuma samu kai ta ba. Mu 'ya'yanta muna ta fama da namu, kowace shekara mu ce baɗi in Allah ya yarda. Ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta ce a kai ta ba. Duk roƙonta da duk sa ranta suna cikin wannan ɗan giɓin, tana shafa shi da harshe idan ta yi shiru. A ganinta, ranar da ta yarda aka toshe shi, ranar ce ta yarda ba za ta ga Ka'aba ba.

Abin da ban sani ba shi ne abin da ke faruwa a can ciki. Turamenta na tauna sun yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani ciwo ya ci shi, wani ya yi ta girgiɗi har ya fita da kansa. Ni dai ina zuwa gaishe ta, ina ganin tana ramewa. Ƙashin wuyanta ya fito, zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Na tambaya, aka ce a gaya wa wancan tsufa ne. Na shiga kemis na jido maganin ƙarin jini kwalba-kwalba na kai mata, ina jin na yi abin kirki. Da babbar salla na ware mata tsoka mafi kyau daga ragona, aka soya, aka kai mata cike da kwano.

Bayan salla Auta ta kira ni daga Makarfi, inda take aure. Ita da Inna kamar ƙawaye suke, babu abin da ba sa faɗa wa juna, har tsokanar ta take yi.

"Yaya, naman nan da ka aiko, ka san wa ya ci?"

"Wa zai ci in ba wadda aka aika wa ba?"

"Jikokinta suka cinye. Ita tsotsa ɗaya ta yi ta ajiye. Inna fa ta daina tauna. Koko da safe, kunu da rana, da yamma in an yi tuwo ta dama shi da miya ta haɗiye. Ko goro sai ta goga a magogi. Ta hana mu gaya maka, ni dai na gaji."

Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɓata wa. Magogin goro abin tsofaffin da suka gama da duniya ne, ɗan gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, shi ne uwata take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa don kada ɗanta ya gani. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, duk a lokaci guda.

Na tafi ƙauye da niyyar a yi ta ta ƙare. Na zauna a inda na saba zama, a kan tabarma a bakin ƙofarta, Auta tana ciki. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi iyali da yara da aiki da hanya, na kawo maganar asibiti. Inna ta ce a gaya wa wancan ba inda za ta, don ta san likitoci, in suka kama baki ba sa barin rami. Na ce ai haƙorin Makka ba rukunin Hajji ba ne, ba ya cikin farilla, ba ya cikin sunna, al'ada ce kawai. Ta ce, "A gaya masa na san rukunan Hajji tun bai san damansa da hagunsa ba." Auta ta fashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Sai na kawo abin da nake ganin dabara ce. Na ce to in zinarin take so, a Zariya ma ana sa wa, a sa mata yanzu a huta. Ban taɓa jin muryarta ta yi kaifi irin na ranar ba.

"In fita unguwa a ce mini Hajiya, in amsa? Da wane bakin? Matan da suka sha rana a Arfa su ganni da shi, ni ko filin jirgi ban taɓa gani ba? A gaya masa ban haife shi don ya koya mini ƙarya ba."

Na tashi na karkaɗe rigata na koma Ikara, ina faɗa ni kaɗai a kan babur har gida.

Abin da bakina ya kasa, ciwo ne ya yi shi. Da damina ta yi nisa, ɗaya daga cikin turamen da suka rage ya tashi, kuncinta ya kumbura har ido ya ƙanƙance. An yi kanumfari, an yi ruwan gishiri, an yi duk abin da maƙwabta suka sani, bai saurara ba. Auta ta rantse mata cewa wannan haƙorin kaɗai za a duba, ba wanda zai taɓa na gaba. Da haka muka samu ta shiga mota zuwa Zariya, ni a gaba, su biyu a baya.

Likitar haƙorin mace ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, mai sanyin magana. Ta gaishe da Inna har da rusunawa, ta zaunar da ita a kujerar nan mai kwantawa da mutum, ta jawo fitila. Ta ce, "Mama, buɗe mini in gani." Inna ta damƙe baki. Ta sake roƙo, ko gezau. Can sai Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A ce wa wancan ya ba mu wuri."

Likita ta dube ni ta yi murmushi. "Ɗan fari ne ko? Malam, yi haƙuri, jira mu a waje."

Haka na tsaya a baranda kamar wanda ya rako baƙuwa. Ranar an wanke wurin, an ba ta magani, aka ce mu dawo idan kumburin ya saɓe. Da muka dawo aka cire mai ciwon, aka ɗauki hoton muƙamuƙi. A zuwa na gaba ne likita ta ce a kira ni, don maganar da za a yi tana so kowa ya ji. Na shiga na tsaya a bayan kujera inda Inna ba za ta gan ni ba, da wannan sharaɗin aka bar ni.

Likita ta ɗauko wani faranti mai ɗauke da haƙoran gwaji ta ajiye a gabanmu. Ta ce hanyoyin cike giɓi uku ne. Akwai mai cirewa, haƙora ne a jere a kan wata roba mai launin dasashi, da 'yan ƙugiyoyin waya da ke kama haƙoran da suka rage. Ana sa shi da safe, a cire a wanke, in za a kwanta a ajiye shi cikin ruwa. Akwai wanda suke kira gada, shi kuma sai an fere haƙora biyu na gefen giɓin, a yi musu hula, a haɗa da sabon a tsakiya, a manne gaba ɗaya, ba ya sake fita. Sai na ukun, dashe. A huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wani ɗan ƙarfe, a bar shi watanni har ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora haƙori a kai. Ta ce wannan shi ya fi kama da wanda Allah ya halitta, mutum har mantawa yake da shi.

Ina jin haka na ce, "Shi za a yi." Wani abokin aikina an yi masa, na ga yadda yake gurgurar masara a gabanmu ba ko ɗar. Kuma gaskiya ina so a ce uwata ta samu wanda ya fi kowanne. Mace ta sha wahalarmu, a ƙare a ba ta abin da za ta riƙa tsomawa a kofi kamar cokali? Zuciyata ba ta karɓa ba.

Likita ta ɗaga hoton ta nuna mini. Ta ce a baya, inda turame suka daɗe da fita, ƙashin ya lotsa, ba zai riƙe ƙarfe ba sai an yi wani aikin daban mai wahala ga mai shekarunta. Don haka na tauna dai mai cirewa ne ya dace. Na gaba ne ake da zaɓi: ko dashe, ko gada, ko a ƙara haƙori ɗaya a jikin robar da za ta ɗauki na bayan.

"Ko a bar shi yadda yake," in ji Inna. Wannan ce maganarta ta farko tun da aka fara. "Na baya ku yi yadda kuka ga dama. Na gaba da mai shi."

Auta ta yi wa likita bayani a taƙaice. Na zaci za ta yi dariya, ko ta kama wa'azi irin nawa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauko madubi ta miƙa wa Inna, ta ce, "Mama, duba nan. Lokacin da aka cire shi, faɗin wurin haka yake?"

Inna ta daɗe tana kallo. Ta sa harshe, ta sa ɗan yatsa. Ta ce a da kan ɗan yatsanta yana shiga, yanzu ba ya shiga.

"Haƙori ba ya son zama kusa da fili," in ji likita. "Na dama da na hagu suna kwantowa a hankali. In aka bar su, wata rana ko an zo da mai wurin ba zai samu inda zai zauna ba."

"Watau cin iyaka suke yi?"

"Cin iyaka suke yi, Mama."

Daga inda nake tsaye ina ganinta ta ƙura wa madubin ido, ta kasa sauke shi. Duk shekarun nan tana gadin wurin daga likitoci da 'ya'yanta, ashe ɓarnar daga cikin gida take. Ban taɓa ganin tsoro a jikin Inna ba sai ranar.

Ta ajiye madubin a cinya. Ta ce, "To 'yar nan, a cikin ukun nan, wanne ne zai tsare mini wurin, kuma in mai shi ya zo ya tashi ba rigima?"

"Mai cirewa."

"Shi nake so."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Likita, don Allah ki gaya mata dashen ya fi. Ke da bakinki kika ce ya fi."

Inna ba ta jira likita ba. Ta dubi Auta ta ce, "A tambayi wancan, gonar da ubansa ya ba mutanen ƙauyen Taba aro, ya yarda sun dasa mangwaro a ciki? Gonar aro dawa ake shukawa, a girbe, a tashi. Wanda ya dasa itace ya ce gonar tasa ce ke nan. Ni aron wurin zan bayar, ba sayarwa ba."

Likita ta juyo gare ni, har yanzu da sanyin muryarta. Ta ce, "Malam, duka ukun suna aiki. Amma wanda ya fi shi ne wanda mai bakin za ta yarda ta zauna da shi. Kuma bakin nata ne." Ta kwaɓa wani abu mai laushi kamar ƙullin fulawa, aka sake fitar da ni waje, aka ɗauki awon bakin Inna.

Muka kamo hanya har tashar Makarfi. Da muka tsaya sauke Auta, ta ja ni gefe kusa da masu sayar da rake, ta ce, "Yaya, kai haƙori kake gani. In da ka sa an kafa mata na dindindin, ka gaya mata ke nan da bakinka cewa ba za ku kai ta ba." Na ce ta gaida mai gidanta.

Ba zan ce haƙoran sun zauna lafiya daga sa wa ba. Farkon kwanakin Inna ta tsane su. Ta ce an cika mata baki da takalmi. Miyau ya yi ta taruwa, maganarta ta canza, wani gefe ya goge mata dasashi har ya yi ciwo. Sau da yawa Auta za ta zo ta tarar da su a cikin 'yar langa an rufe da faifai, Inna tana shan kokonta. Muka koma aka kankare inda ke gurzar ta, muka sake komawa aka matse waya. Kowane zuwa likitar nan sai ta tarbe ta kamar uwarta, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Abin da ya hana Inna jefa su a masai shi ne ɗan haƙorin gaban nan, mai gadin fili. Saboda shi take daurewa ta mayar da su, na bayan kuma suka ci albarkacinsa.

Wata rana ina ofishin malamai ana jiran a buga ƙararrawa, saƙon murya ya shigo wayata daga Auta. Na kunna, ban ji magana ba, sai wani ƙurus-ƙurus, a tsaya, a sake. Na zaci wayarta ce ta danne a jaka. Can a ƙarshe sai muryarta ƙasa-ƙasa, tana danne dariya: "Yaya, Inna ce da ƙuli-ƙuli. Ba ta san ina ɗauka ba." Na sake kunnawa. Na kuma sakewa. Abokan aikina suna ta gardamar ƙwallo, ni ina zaune da waya a kunne ina sauraron uwata tana tauna, idona ya cika da hawaye. Ban taɓa jin wannan ƙarar ba a rayuwata, ko lokacin da haƙoranta suke cikakku. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, na gode wa Auta da rashin riƙe sirrinta.

Daga nan jiki ya fara dawowa. Ta koma cin dambu da gasasshiyar masara da nama in an dafa shi ya yi laushi. Rake ne kawai likita ta hana ta ɓarewa da baki, dole ta yarda da wuƙar da ta raina, a yanka mata ƙanana tana tsotsa tana mita. Kumatunta suka ciko. Ta koma zuwa suna da biki a ƙafa har Likoro, abin da ta daina da daɗewa.

Ni kuwa maganar da Auta ta gaya mini a bakin tasha ba ta bar ni na sake ba. Na tara ƙannena na ce musu baɗin nan da muke ta faɗa ya isa haka. Ba a shekarar aka samu ba, ba kuma a ta bayanta ba, amma Allah ya nufa muka haɗa ƙarfi aka samu kujerar Hajji, ƙaninta ya zama muharraminta. Ranar gwajin lafiyar maniyyata ina tsaye a waje, kamar kullum, ina tunanin matar da na gani a baya mai ƙashin wuya a fili. Waccan matar ba na jin za ta iya ɗawafi ko da an kai ta. Wadda ta fito daga ɗakin gwajin kuwa da ƙafarta ta fito, tana gaba Auta tana bin ta da jaka.

Kafin ta tashi aminiyarta ta zo ta yi mata kwatancen shagon da aka sa mata nata, kwatancen da ko ɗan garin ba zai gane ba. Matan unguwa kuwa kowace sallamarta guda ce: a yi mana addu'a, kuma a dawo mana da haske a baki.

Ranar da ta dawo gidan ya cika har waje. Ana ta guɗa, ana rabon dabino da zamzam a 'yan kofuna. Ina daga zaure ina jiyo matan suna cewa, "Hajiya, yi mana dariya mu gani! Hajiya, a buɗe mana!" Sai na ji dariyarta, sannan na ji tsakar gidan ya ɗan yi tsit. Aminiyarta ce ta fara magana, "Af! Ina ginin?" Inna ta ce musu su ci dabino. Da na leƙa, ɗan haƙorin robar nan ne dai a wurin, fari, ba ƙyalli ba komai.

Na ce ko guzurin ne bai kai ba, ko ba ta gane shagon ba, ko wani ya cuce ta. Na yi ta saƙe-saƙe har baƙi suka ragu bayan la'asar. Na je na zauna a bakin ƙofarta na yi mata barka da sauka, na tambayi hanya da gajiya da yadda aka baro mutanen can. Ban iya tambayar abin da ke raina ba. Auta ce ta tambaya, ita da ba ta da birki.

Inna ta ce ta je. Wani Bahaushe mazaunin can ya raka su ita da ƙaninta, shagon cike da alhazanmu, kowa yana jiran layi. Da aka zo kanta ta cire haƙoranta ta ƙunshe a bakin mayafi. Mutumin ya duba ya ce fili yana nan, ba abin da ya ci shi. Amma zinari ba ya tsayawa a kan iska, sai ya fere na dama da na hagu ya rataya shi a jikinsu. In kuma ya yi haka, wannan robar da ke hannunta ba za ta sake zama ba, sai in ta koma gida a yi mata wata, in an dace.

"Ya ce in yanke shawara, mutane na jira," in ji Inna. Tana magana da Auta ne, amma ta ɗaga murya fiye da yadda ɗakin yake bukata. "Na buɗe mayafin na dube su. Na tuna shekarun da na yi ina shan koko ina cewa na ƙoshi. Da waɗannan na ci abin da ya ba ni ƙarfin Safa da Marwa, ban hau keken guragu ba. Da su a bakina na tsaya a Arfa na roƙa wa ubanku gafara. Sai in zo ranar ƙarshe in ce su tashi an samu wanda ya fi su? Abin da na je nema na gan shi da idona, na yi kuka a gabansa har na gaji. Zinarin dama don mutane su san na je ne. To ni na sani. Na mayar da abina a baki, na ba na bayana a layi wuri."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Can ta ce, "A gaya wa wancan, ya yi ta faɗa a hanya, amma bai fasa kai ni ba. Asibitin ma, can ɗin ma. Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa abin da ya yi mini."

Auta ta leƙo da kanta ta labule, idonta jawur amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Yaya, an ce a gaya maka. Ko sai na maimaita?"

Na girgiza kai. Na so in ce amin da ƙarfi yadda Inna za ta ji, muryar ta ƙi fita, sai na tafa hannuwa biyu na shafa a fuska na daɗe ban sauke ba.